Gudun fanfalaki na farko: Yadda ake shiri, da aikin mai horarwa

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, tsere ne na kilomita 42 da mita 195. Kwatankwacin tafiya daga Kano zuwa Wudil ke nan, ko zagaya filin tsere mai mita 400 har sau 105 da rabi. Ƙwararrun duniya na cinye wannan tazara cikin awa biyu da 'yan mintoci, amma ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya shiga karon farko yakan shafe awa huɗu da rabi zuwa shida a kan titi.

Sunan da duniya ta san tseren da shi, wato Marathon, na wani gari ne a ƙasar Girka inda aka gwabza yaƙi da Farisawa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hikaya ta ce wani manzo ya sheƙo da gudu daga can zuwa birnin Atens, ya isar da albishir na nasara, ya faɗi matacce. Don tunawa da wannan labari aka sanya tseren a gasar Olamfik ta zamani ta farko a 1896, mai tsawon kusan kilomita 40, kuma ɗan Girka Spyridon Louis ya lashe. Tsawon da ake amfani da shi yanzu ya samo asali ne daga gasar Landan ta 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor, kuma a 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da shi a matsayin ma'auni.

A Najeriya, gasar da ta fi jan jama'a ita ce ta birnin Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu. A shekarun farko, hanyar tana tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ta hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ta ƙare a Eko Atlantic. 'Yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, sannan a cikin 'yan gida 'yan Jihar Filato suka fi yin fice. Amma dubban da ke bin bayansu ba kyauta ta kai su ba. Burinsu su kai ƙarshe a kan ƙafafunsu, kuma irin waɗannan ne suka fi bukatar jagora.

Me ya sa ake neman mai horarwa?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa aikin mai horarwa shi ne tsawa da zaburarwa. A gudun dogon zango, rabin aikinsa birki ne. Dalili kuwa a jikin ɗan Adam yake: zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin makonni kaɗan, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Bayan mako shida da fara atisaye mutum zai ji haki ya ragu, numfashi ya buɗe, sai ya ga ai zai iya ninka abin da yake yi. A daidai wannan gaɓa ce agara ke kumbura, gwiwa ta fara ciwo, ko ƙashin ƙwauri ya yi 'yar tsaga. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi niyyar gudun fanfalaki suka fasa ba a ranar gasa suka kasa ba, tun a wata na biyu rauni ya zaunar da su.

Akwai jadawalin atisaye kyauta birjik a intanet da manhajojin waya, kuma wasunsu masu kyau ne. Illarsu ita ce takarda ba ta ganin mutum. Ba ta san ya kwana biyu yana fama da zazzaɓi ba, ba ta san ya wuni tsaye a shago a Kantin Kwari ko ya kwana a mota daga Onica ba, ba ta lura da ɗingishin da ya fara ba. Mai horarwa na gari yana kallon waɗannan, ya rage nan ya ƙara can. Hatta Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a 2022, ya shafe sama da shekara ashirin a hannun koci guda, Patrick Sang.

Zaɓen mai horarwar shi kansa yana bukatar natsuwa. Ba duk mai ƙirar ƙarfi a gidan motsa jiki ne ya san gudun dogon zango ba. Wanda ya ƙware wajen ɗaga ƙarfe da gina ƙwanji fanninsa daban. Abin da ya dace a tambaya shi ne inda ya samu horo da kuma mutum nawa ya taɓa kaiwa ƙarshen kilomita 21 ko 42. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da masu koyarwa, jami'o'i da kwalejojin ilimi suna da sassan ilimin motsa jiki da lafiya, hukumar wasannin guje-guje ta duniya ma tana da matakan shaidar koci. Takardar shaida ba ita ce komai ba, amma zaman farko yana tona abubuwa da yawa. Wanda ya zauna ya yi tambaya kan shekaru, nauyi, tsofaffin raunuka, magungunan da ake sha da yanayin aiki, ya kama hanya. Wanda ya ce a ɗaura takalmi a zagaya fili sau ashirin tun ranar farko, ko ya fito da kwalaben ƙarin kuzari yana talla, gara a nemi wani. Ya kuma kamata a yi yarjejeniya tun farko, kamar yadda ake kowane ciniki: sau nawa za a haɗu a mako, biya na wata ne ko na zama, kuma me zai faru idan ciwo ya tsayar da atisaye. Mata da yawa sun fi sakewa da mai horarwa mace ko atisaye cikin rukuni, kuma babu abin da tsarin zai rasa don an yi haka.

Asibiti kafin fili

Mutuwa a gudun fanfalaki ba ta da yawa, amma tana faruwa. Wani bincike da mujallar likitanci ta New England ta wallafa a 2012 ya duba masu gudu miliyan 10.9 a Amurka tsakanin 2000 da 2010, ya samu mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, 42 daga ciki suka rasu. A cikakken fanfalaki, kusan mutum 1 ke nan cikin 100,000, kuma maza sun fi yawa. Akasarinsu suna ɗauke da ciwon zuciyar da ba su san da shi ba.

Saboda haka wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon suga, asma ko ƙiba, ko kuma aka taɓa mutuwar fuju'a a danginsa, sai likita ya duba shi kafin ya fara. Ciwon ƙirji, jiri, suma ko bugun zuciya ba bisa tsari ba a lokacin motsa jiki alamu ne na a dakata nan take. Akwai kuma batun da jadawalin Turai ba kasafai yake ambata ba: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna da rukunin jini na AS. Mai AS ba mai sikila ba ne, kuma yana iya gudu, sai dai matsananciyar wahala cikin zafi da ƙishirwa na iya jawo masa faɗuwa mai haɗari, don haka wajibi ne mai horarwa ya sani. Mai SS kuwa maganarsa tana hannun likitansa kacokan.

Zazzaɓi ma ba abin wasa ba ne. Gudu da zazzaɓi a jiki, na cizon sauro ne ko na mura, yana iya taɓa tsokar zuciya. Ana hutawa har a warke sarai, sannan a dawo a hankali, ba a rama kwanakin da suka wuce.

Yadda tsarin yake tafiya

Yawancin jadawalin fanfalaki na mako 16 zuwa 20 ne, amma an gina su ne a kan wanda ya riga ya saba gudun kilomita 20 zuwa 30 a mako. Wanda rabonsa da gudu tun makarantar sakandare, shekara guda ce lissafinsa na gaskiya. Yakan fara da tafiyar sauri, sannan gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu, har ya iya rabin awa ba tsayawa. Daga nan sai kilomita 5, sai 10, sai rabin fanfalaki mai kilomita 21.1. Gasar kilomita 10 ta Okpekpe a Jihar Edo, da rukunin kilomita 10 na gasar Legas, wurare ne na gwada kai a cikin taro kafin babbar ranar.

A mako, sabon shiga yakan yi gudu sau uku ko huɗu. Kusan kashi 80 cikin 100 na wannan gudu a hankali ake yin sa, kuma ma'auninsa mai sauƙi ne: idan mutum ba zai iya hira da na kusa da shi cikin cikakkun jimloli ba, ya yi sauri da yawa. Nan ne aka fi samun saɓani tsakanin koci da ɗalibi, domin babban mutum yana jin kunyar a gan shi yana sassarfa yara na wuce shi. Amma wannan gudu na sannu shi ne ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yake koya wa jiki ƙona kitse, kuma yake ƙarfafa jijiya ba tare da ya ɓarke ta ba.

Ginshiƙin tsarin shi ne dogon gudu sau ɗaya a mako, galibi Asabar ko Lahadi bayan Asuba. Yana farawa daga kilomita 10 ko 12, ana ƙara kilomita ɗaya ko biyu, har ya kai 30 zuwa 32 ana saura mako uku gasa. Ba a yin cikakken 42 a atisaye, domin ɓarnar da zai yi wa jiki ta fi amfaninsa. Masu horarwa suna da ƙa'idar kada jimillar mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Ba doka ce da kimiyya ta tabbatar ba, amma tana taka wa mai zumuɗi birki. Duk mako na uku ko na huɗu kuma ana rage nauyi don jiki ya gyara kansa.

Sau biyu a mako ana ƙarfafa cinya, ƙugu, sharaɓa da tsokar ciki, da tsugunne-tashi da hawa matakala da makamantansu. A nan mai horarwa na gidan motsa jiki yake da amfani ƙwarai. Ga ma'aikacin da ke wuni a kujera, raunin tsokar ƙugu shi ne sau da yawa asalin ciwon gwiwa.

Gajiyar tsoka da ke zuwa a ƙafafu biyu ta wuce bayan kwana biyu ba komai ba ce. Ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, ko yake ƙaruwa ana cikin gudu, ko ya sa ɗingishi, na likitan ƙashi ne ko mai gashin ƙashi na asibiti. Kocin da ya ce a daure a irin wannan hali ya wuce iyakar saninsa.

Hunturun Arewa da laimar Legas

Bincike a manyan gasanni ya nuna cewa an fi gudun fanfalaki da kyau a yanayi mai sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyos. Shi ya sa ake kafa tarihi a Balin da Chicago, inda marigayi Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a watan Oktoban 2023. Legas ba ta san wannan sanyi ba.

Wanda ke shirin gasar Fabrairu daga Kano, Kaduna, Jos ko Sakkwato zai yi mafi nauyin atisayensa ne daga Nuwamba zuwa Janairu, wato tsakiyar hunturu. Safiya da sanyi, iska a bushe, zufa na fitowa tana bushewa, gudu yana daɗi. Sai ya sauka Legas ya tarar da iska mai laima, inda zufa ke zuba amma ba ta bushewa, alhali bushewar ce ke sanyaya jiki. Ƙari a kan haka, ƙwararru suna gamawa tun hantsi bai ɗaga ba, shi kuwa mai awa biyar sai rana ta kusa take tsaka. Saurin da ya saba yi cikin sauƙi a Filin Murtala na Kaduna yana iya kayar da shi a kilomita na 25.

Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Ba kowa ke da halin barin ofis ko shago ya tare a Legas mako biyu ba, don haka mai horarwa yakan mayar da wasu gajerun gudu zuwa hantsi a makonnin ƙarshe, a hankali kuma da ruwa a hannu, sannan ya rage saurin da aka tsara wa ranar gasa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma ya fi dacewa ya koma cikin gida. A bazara kuwa, watannin Maris zuwa Mayu, dogon gudu a Arewa sai da duku-duku.

Watan azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗawa kusa da lokacin gasar Legas. Mai azumi yakan mayar da atisaye bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, ya rage tsawo da nauyi. Dogon gudu da rana babu ruwa haɗari ne tsantsa. Idan makonnin da suka fi nauyi sun faɗa cikin watan, canza gasa ya fi sauƙi.

Abinci, ruwa da ƙwaya

Jiki yana adana sitaci a tsoka da hanta a matsayin sinadarin gilaikojin, kimanin kalori 2,000. Mai nauyin kilo 70 yana ƙona kusan kalori 3,000 kafin ya gama kilomita 42. Wannan giɓi ne ke sa tsakanin kilomita 30 da 35 ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, kai ya ɗaure, abin da masu gudu a Turai ke kira cin karo da bango. Maganinsa ci a kan hanya: giram 30 zuwa 60 na sitaci ko suga kowace awa, tun daga awar farko. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25. Dabino da zuma suna yin aikin da 'yan fakitin da ake shigowa da su da tsada suke yi, muddin an gwada su a dogon gudu an ga ciki ya karɓa. Kwana biyu ko uku kafin gasa ana ƙara shinkafa, taliya, doya ko tuwo, a rage mai, yaji da wake.

Ruwa yana da fuska biyu. Ƙarancinsa yana kawo jiri da bugun zafi, yawansa kuma yana tsarma gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gasar Boston ta 2002, an gwada jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma waɗanda suka daɗe a hanya suna shan ruwa a kowace tasha sun fi shiga haɗarin. Sabbin shiga ke nan. Hanyar sanin bukata ita ce a hau sikeli kafin gudun awa guda da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce ta zufa. Wanda ya gama gudu nauyinsa ya ƙaru, ya sha fiye da ƙima. A zafi irin na Legas, haɗa ruwa da abin sha mai gishiri da suga ya fi zallan ruwa.

Shan ibuprofen ko diclofenac kafin gasa don rigakafin ciwo al'ada ce mai cutarwa, domin suna takura ƙoda a lokacin da ruwan jiki ya ragu. Tramadol kuwa, ban da illarsa da kowa ya sani, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Takalmi

Abebe Bikila na Habasha ya lashe zinare a Rum a 1960 ba takalmi, amma shi ya tashi yana gudu a haka. Ga sauran jama'a, takalmi shi ne kayan aikin da bai kamata a yi masa ƙwauro ba. Ana sayen wanda ya ɗara na yau da kullum da faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa tana kumbura a dogon gudu. Yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin laushin ƙasansa ya mutu. Matsalar na gwanjo ke nan: samansa na iya zama fes alhali ƙasan ya gama aiki. Safa da riga na auduga suna riƙe zufa su kawo bororo da saluɓa. Ana shafa man Vaseline a hammata, tsakanin cinyoyi da kan nono.

Makonnin ƙarshe da ranar gasa

Ana saura mako uku ake fara sassautawa. Jimillar gudu tana raguwa mako bayan mako har ta koma ƙasa da rabi. Mutum zai ji kamar ƙarfinsa na zubewa, ya so ya ƙara wani dogon gudu don ya tabbatar wa kansa. Aikin koci a nan shi ne ya hana, domin abin da ba a gina a wata huɗu ba, ba za a gina shi a kwana goma ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya: babu sabon takalmi, babu sabon abinci, babu abin shan da ba a taɓa gwadawa ba. Ana karya kumallo awa biyu zuwa uku kafin tashi. Mai son gamawa a awa biyar zai riƙa cin kilomita guda a minti 7 da daƙiƙa 7, mai awa huɗu da rabi kuma minti 6 da daƙiƙa 24. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin ruɗin taro a kilomita 10 na farko. Duk mintin da aka ci a nan, ana biyan sa ninki bayan kilomita 30. Gauraya gudu da tafiya, misali minti huɗu gudu minti ɗaya tafiya, tsari ne sananne da tsohon ɗan Olamfik na Amurka Jeff Galloway ya yaɗa, kuma babu dokar gasa da ta hana. Wanda ya ji ruɗewa, sanyi na ratsa shi cikin rana, ko ciwon ƙirji, ya tsaya ya nemi jami'an lafiya na kan hanya.

Bayan an ƙetare layi ba a zubewa ƙasa nan take. Ana ci gaba da takawa na minti goma, a sha, a ci abu mai sauƙi. Ciwon tsoka yakan fi tsanani a kwana na biyu, inda saukowa daga bene ke zama aiki. Fitsari mai launin baƙin shayi alama ce ta rugujewar tsoka da ke iya lalata ƙoda, kuma na asibiti ne a ranar. Yawancin masu horarwa suna ba da hutun mako guda babu gudu, sai tafiya, sannan mako biyu zuwa uku na sassarfa kafin a zauna a duba lokutan da aka yi a kowane zango na tseren.